SHA'ANIN MOTOCI: Tsohuwar Land Rover Da Abin Da Take Bin Mai Ita

Duk wanda ya taɓa hawa Tsaunin Mambila da damina, ya nufi ƙauyukan da ke bayan Gembu, ya san dalilin da ya sa har yau ba a yi ritayar tsohuwar Land Rover ba. Inda ƙananan motoci suke cijewa cikin taɓo, nan take bi da buhunan masara da fasinja har bisa rufi. Tun 1948 aka fara ƙera ta a Ingila, samfurin nan kuwa da ake kira Series III ya fito ne daga 1971 zuwa 1985, watau ko autarsu ta ba shekara talatin baya. Mota mai irin waɗannan shekaru ba ta yafe sakaci, kuma idan ta tashi ramuwa a tsakiyar daji take yi, inda babu bakanike.

Abin da ya fi yaudarar masu ita shi ne jikinta. Da alminiyon aka yi shi, ba ya tsatsa, sai mutum ya duba ya ga mota garau. Alhali kuwa shasin da ke ɗauke da ita baƙin ƙarfe ne mai rami a ciki, laka tana shiga ta kwanta, ta riƙe danshi, ta ci ƙarfen daga ciki. Don haka bayan kowace tafiyar damina ya kamata a wanke ƙarƙashinta sosai, a bi shasin da ƙaramar guduma ana ƙwanƙwasawa, musamman wajen da sifirin yake kamawa da kuma ƙarfen da ya gitta can baya. Inda ya yi ƙara tangaran, lafiya; inda ya amsa a dushe, aikin mai walda ya samu.

Sai batun mai. An daɗe ana yi wa motar nan ba'a cewa in ta daina ɗigar da mai, to, man ne ya ƙare. Da gaskiya a cikin ba'ar. Direba yakan duba baƙin mai kullum safiya, amma ya manta da sauran wuraren da ke shan man giya mai kauri, lamba 90: akwai giya, da akwatin da ke raba ƙarfi zuwa gaba da baya, da aksil biyu, da ƙwallayen nan na ƙarfe guda biyu da tayoyin gaba suke juyawa a kansu. Kowanne yana da notin da ake kwancewa, in mai ya kai bakin ramin ya isa. In kuwa an ga man ya yi fari kamar kunu, ruwa ya shiga wajen ƙetare rafi, sai a zubar a sake nan take, tun haƙoran ba su lalace ba. Gidajen giris na farfela su ma kada a bari su bushe.

Akwai wani ɗan abu a saman kowane aksil, bai kai babban yatsa ba, aikinsa fitar da iska idan mai ya yi zafi. Laka takan toshe shi. Da ya toshe, sai iskar ta tura mai ta bakin taya, ya jiƙa takalmin birki, mota ta riƙa fizga gefe guda in an taka. Sau da yawa akan sake oyil sil har sau biyu ko uku, ana zargin kayan Panteka ko na Ƙofar Ruwa da rashin inganci, ga kuwa mai laifin nan a zaune, wanda wanki da kananzir kawai yake bukata. A gangaren Mambila, birki mai mai ba abin wasa ba ne.

Da hunturu kuwa ƙura ce abokiyar gaba. Matatar iskarta irin ta da ce mai kwanon mai a ƙasa, sai a zubar da tsohon, a wanke, a zuba sabo daidai zanen da aka yi. Haka kuma ɗan kofin gilashin da ke ƙarƙashin famfon fetur, inda ruwa da datti suke taruwa.

Kuskuren da ya fi tsada na direba ne. Kan nan rawaya da ake dannawa, da jan liba da ake ja baya, na taɓo da yashi da hawa ne, domin suna ɗaure tayoyin gaba da na baya su juya tare. A kan kwalta, musamman a kwana, tayoyin ba su da inda za su sulɓe, sai ƙarfin ya murɗe cikin giya, wata rana shaftar baya ta karye. Tsofaffin direbobi ba su kan fita ba tare da safayar shafta a bayan kujera ba, tare da fanbel, da kwantak, da galan na man giya. In ta karye babu safaya, akan zare karyayyar, a kwance farfelar baya, a danna rawayan kan, a lallaɓa da tayoyin gaba har gari.