Kamfanin da ke cikin kan mutum ɗaya ba kamfani ba ne

Jama'a, yau zan taɓo abokaina masu ƙananan kamfanonin manhaja, wanda zai ji haushi ya ji. Matsalarku ba rashin basira ba ce. Yaran nan sun iya aiki, wallahi sun iya. Tsari ne babu.

Ku duba yadda ake yi. Kamfani mai mutum shida ya samu kwangilar manhajar albashi ko ta haraji. Yaro ɗaya ne ya rubuta komai, kalmar sirri tana wayarsa, ba a rubuta yadda aka gina ta ba, ba wanda ya gwada kafin a miƙa. Ranar da ya samu aiki a Legas ko ya haura waje, shi ke nan. Na sha ganin haka a ma'aikatu: manhaja ta tsaya, an koma fayil da biro, kuɗin talakawa sun bi ruwa.

Kada wani ya ce min "ai mu ƙanana ne". Akwai ma'aunin ISO/IEC 29110, wanda aka yi musamman don kamfanin da bai wuce mutum 25 ba. Abin da yake nema ba wani tashin hankali ba ne: a rubuta buƙatar mai aiki a amince a kanta, a adana tarihin kowane canji, a gwada kafin a miƙa. Kamfanonin Indiya ma da irin wannan horon suka samu amincewar Turawa, lokacin da suka rungumi tsarin CMM na Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka a shekarun 1990.

Masu ba da kwangila su ma da nasu laifin. Ana biyan kuɗi ranar yanke kyalle da ɗaukar hoto, ba a tambayar wa zai kula da abin baɗi. Shirin 3MTT na 2023 yana son horar da mutum miliyan 3, madalla. To amma in ka zuba ƙwararru a kamfanin da ba shi da tsari, ruwa ka zuba a kwando.

Shawarata: kada a biya kason ƙarshe sai an miƙa asalin rubutun manhajar, da takardun bayaninta, da shaidar gwaji, sannan a nuna mutum na biyu da zai iya gyara ta. Wanda ya kasa wannan, ya bar kwangilar gwamnati tukuna.

Allah Ya sa mu gyara.