Hoton Gini Da Hoton Mutum

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jinƙai. Ina so in yi magana a kan ɗaukar hoto, domin yau kusan kowa yana yawo da kyamara cikin aljihunsa, watau wayar hannu, kuma ƙalilan ne suke tambayar inda haddinta ya tsaya.

Da farko dai ni ba na cikin masu cewa a fasa kyamara. Malamai sun yi saɓani a kan surar abu mai rai, amma ba su hana surar abin da ba shi da rai ba, kamar itace da dutse da gini. An ruwaito cewa Ibn Abbas, Allah ya yarda da shi, ya umurci wani mai sana'ar zane ya koma ga itatuwa da abin da ba shi da ruhi. To, gini yana cikin wannan, kuma ginin ƙasa ya fi kowane gini bukatar hoto, domin kowace damina tana cin rabonta daga jikinsa, in ba a yi yaɓe ba.

Ku dubi ganuwar Kano, wadda aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu. Yau wurare da yawa ta zama tudu, wasu wuraren kuwa an yi gidaje a kanta. A shekarar 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa domin faɗaɗa hanya, kana aka sake gina wata. Yaron da aka haifa bayan wannan, ina zai ga ta asali in ba a hoto ba? Haka Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, da bakunansa da azararsa. Haka Gobarau a Katsina, da hasumiyar masallacin Agadas wadda aka sabunta a 1844. Wanda ya ɗauki hotonsu da kyau, ya rubuta suna da shekara, lalle ya yi wa jikoki hidima. Gani ya kori ji.

Makaɗa kuwa, ranar hawan Salla masu kakaki da algaita da tambari sun fito ne domin a gan su a ji su. Ba su da kuka a kan mai hoto, muddin bai tsaya gaban dawaki ba, bai kuma sayar da fuskarsu a ɓoye ba.

Inda nake da magana shi ne abin da masu hoto suke kira rayuwar yau da kullum. Wata safiya bayan an tashi daga karatu, wani saurayi mai kyamara ya tsaya a bakin makarantata. Bai yi sallama ba, bai nemi malam ba. Ya bar yara sama da talatin riƙe da alluna, ya zaɓi guda ɗaya da ya fito da kwano, rigarsa a yage, ya ɗauke shi ya tafi. Bayan 'yan watanni wani ɗan kasuwa maƙwabcina ya nuna mini hoton a wayarsa, an rubuta a ƙarƙashi wai yaro ne da iyayensa suka yasar, ana neman taimako da sunansa. Alhali kuwa uban yaron manomi ne, kowace kaka yakan zo da dawa da gero ya duba ɗansa, yaron kuma a lokacin ya wuce izu arba'in. Da labari ya kai ƙauyensu, uwarsa ta yi kwanaki ba ta leƙa waje ba don kunya.

Ba na musun cewa akwai gyara a sha'anin almajiranci. Mu da muke ciki mun fi kowa sanin yunwarsa da sanyinsa. Amma ba a gyara da ƙarya. Hoton bai ƙirƙiri yagaggiyar riga ba, sai dai ya yanke allo, ya yanke uba, ya bar kwano kaɗai. Gini ba ya jin kunya, ba shi da uwa, ba za a je neman aure a tuna masa ba. Mutum kuwa mutuncinsa madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa.

Ku ma 'yan kasuwa abin ya shafe ku. A Kurmi da marinar Ƙofar Mata baƙi suna ɗaukar mai rumfa da mai ciniki, har matan aure da suka zo sayayya, ba wanda ya ce musu kanzil. Allah ya hore mu a Suratun Nur da neman izini kafin shiga gidan wani. Ashe fuskar mutum ba ta fi zaurensa alfarma ba?

Saboda haka ga shawarata. Mai hoto ya yi sallama, ya faɗi inda hoton zai je. In yaro ne ya nemi uba ko malami, in an ce a'a ya haƙura. Ya kuma rubuta gaskiya a ƙarƙashi. Mu kuma malamai da masu rumfa, wanda ya zo da ladabi kada mu kore shi. Mu nuna masa soro da zayyana da allo, mu gaya masa tarihinsu.

Allah ya tsare mana mutuncinmu da na 'ya'yanmu, amin. Haza wasalam.