Gargaɗin Bature Cikin Rigar Shawara

Yau hirarmu ta Turanci a kan kalmomin gargaɗi take, gama su ne tafinta ya fi yin tuntuɓe da su, ga shi kuwa in ya yi tuntuɓe wani ne ke faɗuwa.

Ku dubi Dajin Falgore, wanda hanyar Kano zuwa Jos ta ratsa ta tsakanin Tudun Wada da Doguwa. Tun cikin shekarun 1940 Turawa suka keɓe shi ya zama gandun daji, da sunan Kogin Kano. To, a ce takarda ta zo wa wani arɗo daga ofishin gandun daji, an rubuta, "You had better move your cattle." Malamin da ya karanta masa, in ya ga "better" ya ce masa wai "ya fi kyau ka ta da shanunka", wallahi ya cuce shi. Arɗo sai ya zaci shawara ce, in ya ga dama ya ɗauka, in ya ga dama ya bari. Alhali kuwa Bature in ya ce "had better", umurni ne ya sa wa rigar ladabi, da hukunci laɓe a bayansa. Hausarsa ita ce, "Gara ka kwashe shanunka tun da girma da arziki." Kada kuma "had" ɗin nan ta ruɗe ku ku ce zancen jiya ne. Na yanzu-yanzu ne.

"Or else" ta fi wannan zafi. In an ƙarasa zancen bayanta, daidai take da "otherwise", watau "in ba haka ba". Amma in an ce, "Pay, or else!" aka yi shiru, to, shirun nan shi ne sandan. Mu ma muna da irinta, in ka ƙi ji ba ka ƙi gani ba. Sai dai fa kada akawu ya kuskura ya rubuta ta ga na gaba da shi, rashin kunya ce.

Inda zaɓi na gaskiya yake shi ne "either" da "or", ko wannan ko wancan. "Unless" kuwa sharaɗi ce, "sai fa in".

Saura guda ga matafiya. In kana cikin mota kan hanyar nan ta Jos ka ji an daka tsawa, "Look out!" ba cewa aka yi ka leƙa ta taga ba. Hattara ake nufi, maza janye kanka ciki.