FILIN LAFIYA: Kumburin Bayan Kunne Ba Aikin Wanzami Ba Ne

Yau batunmu a kan wani ɗan tudun ƙashi ne da ke bayan kunne, wanda kowa zai ji shi in ya shafa da yatsa.

Shi wannan ƙashi ba a cushe yake ba. Cikinsa ƙananan ramuka ne masu iska, kamar saƙar zuma. Ramukan suna haɗe da tsakiyar kunne, wato bayan dodon kunne, ita kuma tsakiyar kunne tana da wata 'yar hanya da ta zarce zuwa maƙogwaro ta bayan hanci. Ta nan iska ke shiga, ta nan kuma cuta kan bi.

Kumburi iri biyu kan fito a wurin. Na farko ba kasafai ake ganinsa ba. Akwai mutanen da ramukan nan kan yi musu yawa fiye da kima, har bangon ƙashin ya yi siriri. In ya huje, ko don rauni ko don yawan fyace majina da ƙarfi, sai iska ta taru a ƙarƙashin fata, ta yi ƙullutu mai laushi, sau da yawa marar zafi. Likita yakan hana irin wannan fyacewa, in kuwa ya ƙi sacewa, sai a yi tiyata a toshe kafar.

Na biyu shi ya fi yawa, ya kuma fi haɗari, musamman ga ƙananan yara. Mura ko ƙyanda kan jawo ciwon kunne. In aka yi sakaci, mugunya ta gangara ta cika ramukan, ta fara cin ƙashi. Alamominsa su ne zazzaɓi, da zafi da kumburi a bayan kunne, har kunnen ya turo gaba, wani lokaci da ruwa mai wari. To, ƙashin nan maƙwabcin ƙwaƙwalwa ne, kuma jijiyar da ke motsa fuska ta cikinsa ta ratsa. Saboda haka ƙarshen sakaci yakan zama kurumta, ko karkacewar baki, ko sanƙarau.

A da babu abin yi sai wuƙa. A 1873 wani likitan Jamus, Hermann Schwartze, ya bayyana yadda ake buɗe ƙashin a kwashe ruɓaɓɓun ramukan. Da maganin penisilin ya yaɗu a shekarun 1940, sai bukatar wannan aiki ta ragu ƙwarai. Yanzu akan kwantar da yaro a asibiti, a ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, wani lokaci a ɗan huda dodon kunne mugunya ta fita. Sai an ga ta taru, ko magani ya ƙi ci, sannan a yi tiyata. A Kaduna ma akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa.

Don haka, iyaye, kada ku kai wa wanzami irin wannan kumburi ya tsaga ko ya kafa ƙaho. Askarsa ba ta isa inda cutar take, sai dai ta buɗe wa wata ƙofa. Kada kuma a ɗiga man ja ko ruwan ganye a kunnen da ke zubar da ruwa. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Yaron da ya kwana yana kuka yana jan kunne, ga zazzaɓi, a kai shi asibiti da gari ya waye.

Allah Ya ba mu lafiya, amin. Sai mako mai zuwa.