A Bar wa Na'ura Saitin Madubi, Amma Mutum Ya Yi Awon da Kansa

Yawancin hotunan sararin samaniya da ke burge mu ba da kyamara mai launi ake ɗaukar su ba. Kyamarar baƙi da fari ake ɗaura wa madubin hangen nesa, a riƙa sa mata matatan haske ɗaya bayan ɗaya, wato ja, da kore, da shuɗi, sannan kwamfuta ta haɗa hotunan su zama guda. Akwai kuma matatan da ba sa barin komai ya wuce sai hasken haidirojin, ko na oksijin, ko na farar wuta. Da irin waɗannan ukun ne madubin Hubble ya ɗauki shahararren hoton nan na ginshiƙan ƙura da iskar gas a shekarar 1995. Matsalar da masu wannan sana'a da ƙananan madubai suke fama da ita ita ce, da zarar an sauya mataci sai saiti ya goce, taurarin da ke tsaf kamar kan allura su koma dishi-dishi.

Dalilai biyu ne ke jawo haka. Na farko, gilashi ba ya lanƙwasa launuka daidai wa daida. Shuɗi ya fi ja lanƙwasuwa, saboda haka yakan tattaru kusa da gilashin, ja kuwa sai can baya kaɗan. Wannan cikas ne ya sa Newton ya ƙera madubin hangen nesa mai aiki da madubin dubawa a 1668, kuma har yau gilasai masu tsada rage shi kawai suke yi. Idon ɗan Adam ma bai tsira ba. Shi ya sa mai gwajin tabarau yakan nuna maka allo rabi ja rabi kore, ya tambaye ka ina rubutu ya fi fita. Na biyu, shi kansa matacin gilashi ne mai kauri, kuma yakan tura matattarar haske baya da kimanin kashi ɗaya cikin uku na kaurinsa. Mataci mai kaurin milimita 3 zai tura ta da milimita 1. Idan matatai biyu suka bambanta da maikiron 100 kacal, saitin zai goce da maikiron 33, alhali a madubai da yawa iyakar sararin da hoto ke fita tangaram bai wuce kaurin silin gashin kai ba.

A yau manhajoji irin su N.I.N.A. da Ekos sun ɗauke wa mutum wannan wahala. Akan ɗaura ɗan ƙaramin inji a kan marfin saiti, a rubuta wa manhaja yawan takun da injin zai yi gaba ko baya ga kowane mataci. Da ta juya faifan matatai sai ta motsa injin, cikin 'yan daƙiƙoƙi an gama.

Akwai masu ganin wannan lalaci ne, wai wanda bai murɗa saiti da yatsunsa ba bai san madubinsa ba. Ban yarda da su ba. Yatsan mutum ba zai iya maimaita motsin maikiron 10 sau talatin a dare guda ba, balle ƙarfe uku na dare ga barci ga sanyi. Bugu da ƙari, matacin haidirojin hasken da yake bari ya wuce ɗan kaɗan ne, har taurarin da za a yi saiti da su sukan yi wuyar gani. Dabarar da ta fi ita ce a yi saiti da mataci mai sakin haske duka, sannan a ƙara tazarar da aka riga aka sani. Duk mintin da aka ɓata wajen lalube, haske ne da ya yi tafiyar dubban shekaru ya iso bai sami mai karɓarsa ba.

Inda nake da ja shi ne wurin lambobin da ake ba manhajar. Ita ba ta san gaskiya ba, abin da aka rubuta mata take bi. Wasu sukan kwafi lambobin wani don kawai matatansu iri ɗaya ne, wasu kuma su dogara da alkawarin kamfani cewa kaurin matatansa ɗaya ne. Amma tazarar ta dogara ga gilashin madubinka, da girman takun injinka, da ɗan lakon da ke tsakanin haƙoransa. Dole mai madubi ya jira kayansa su huce su yi daidai da iskar waje, ya auna kowane mataci sau da yawa a dare guda, yana tunkarar saitin daga ɓangare ɗaya kullum saboda lakon nan, sannan ya ɗauki matsakaici. Mu masu nazarin halittu haka muke yi da ma'aunin da ke cikin madubin ƙara girma: sai an gwada shi da ma'aunin da aka tabbatar kafin a yarda da tsawon ƙwayar halitta ko guda.

Labarin Hubble ya isa ishara. An harba shi a watan Afrilu na 1990, aka tarar hotunansa ba su fita. Bincike ya nuna an goge gefen madubinsa mai faɗin mita 2.4 fiye da kima da wajen maikiron 2, domin a na'urar da aka auna shi da ita wani gilashi ya goce daga mazauninsa da milimita 1.3. Wasu na'urorin awo biyu sun nuna akwai kuskure, aka yi watsi da shaidarsu don an fi amincewa da ta farko. Sai a Disambar 1993 'yan sama jannati suka je suka gyara.

Ko lambobin sun yi daidai ma, ba su magance komai da komai ba. Bututun alminiyam mai tsawon mita 1 yakan tsuke da maikiron 23 duk lokacin da zafi ya sauka da digiri 1. A daren hunturu, inda zafi ke iya sauka da digiri 10 tsakanin isha'i da asuba, wannan ya kai maikiron 230, ya ninka tazarar wasu matatan sau da yawa. Saboda haka sai an umarci manhajar ta sake cikakken saiti lokaci-lokaci, mutum kuma ya riƙa leƙa taurarin da ke cikin hotunan.

Malaman sakandare ba sa bukatar madubin hangen nesa kafin su nuna wa ɗalibai tushen wannan al'amari. A samo gilashin tattara haske wanda matattararsa ke nesa da shi da kamar santimita 50, da tocila, da farar takarda, da rula, da leda ja da shuɗiya. A ajiye tocilar can ƙarshen aji, a rufe ta da jar leda, a matsa takardar har ɗigon haske ya yi ƙanƙanta, a auna. A sake da shuɗiya. Bambancin yakan kai 'yan milimitoci, rula tana iya kama shi. Kowane rukuni ya auna sau biyar, a jera sakamakon a allo, sannan a tambayi ajin wace lamba za su rubuta wa na'ura, kuma don me.