Sayen Na'urar Wasa Da Bashi: A Yi Lissafi Kafin A Sa Hannu

Wata sabuwar al'ada ta ciniki ta bazu a duniya cikin 'yan shekarun nan, watau mutum ya ɗauki kaya yau, ya riƙa biya kaɗan-kaɗan har ya gama. Cikin kayan da aka fi tallatawa ta wannan hanya akwai na'urorin wasan bidiyo da ake haɗawa da talabijin, irin su PlayStation na kamfanin Sony da Xbox na kamfanin Microsoft. Samari na sha'awarsu ƙwarai, iyaye kuma na shan matsi daga 'ya'yansu a kansu. Saboda haka ya kamata a dubi wannan ciniki da idon basira, domin rarraba kuɗin abu ba ya rage masa tsada, sai dai ya ɓoye ta.

Da farko sai a san kuɗin abin. Sa'ad da PlayStation 5 ta fito a watan Nuwamba na 2020, dala 500 ake sayar da mai cin faifai a Amurka, marar faifai kuwa dala 400. A da, an saba ganin irin waɗannan na'urori suna yin araha bayan 'yan shekaru. Wannan karon sai aka ga akasin haka, don a watan Agusta na 2025 kamfanin Sony ya ƙara dala 50 a kan kuɗinta a Amurka. Ita ma Switch 2 ta kamfanin Nintendo, wadda ta fito a watan Yuni na 2025, dala 450 aka sa mata. Kuɗi ne da ba kowane magidanci ke iya zarowa a zama ɗaya ba, ko da a ƙasashen masu arziki.

Da ganin haka sai masu sayarwa suka ɓullo da dabara. A 2020 kamfanin Microsoft ya ba da Xbox Series X a Amurka a kan dala 35 kowane wata har wata 24, haɗe da izinin buga wasanni masu yawa. Kamfanonin lamuni irin su Klarna na ƙasar Siwidin da Affirm na Amurka su kuma suka yi fice da tsarin raba kuɗin kaya kashi huɗu, a biya cikin mako shida, ba kuɗin ruwa. Dala 35 ba ta da nauyi a kunne, amma idan aka tara ta sau 24 ta zama dala 840. Mai talla ƙaramin adadin yake rubutawa da manyan baƙaƙe, babban kuwa sai wanda ya nema.

Gaskiya ne, ba dukan irin wannan ciniki ne cuta ba. Mutumin da albashinsa ke zuwa kan kari, ya kuma sami yarjejeniyar da ba ta da ruwa, yana iya biya ya gama lafiya. To, amma ba don irinsa kaɗai aka buɗe ƙofar ba. Sauƙin shiga shi ke jawo wanda bai kamata ya shiga ba. A watan Fabrairu na 2021 hukumar kula da harkokin kuɗi ta Ingila ta fitar da wani rahoto wanda ya nuna cewa cinikin ɗauki yanzu ka biya daga baya ya ninka kusan sau huɗu a ƙasar cikin 2020, har ya kai fam miliyan 2,700. Rahoton ya kuma gano cewa a wani babban banki, fiye da mutum ɗaya cikin goma na masu wannan ciniki sun riga sun kasa biyan wasu basussukan da ke kansu. Idan haka ta faru a inda ake da rajistar masu cin bashi, ina ga inda ba a cika bincike ba?

Abu na biyu, wanda masu saye ba su cika lura da shi ba, shi ne ita na'urar ƙofa ce kawai. A wata shari'a da aka yi a Amurka a 2021 tsakanin kamfanonin Epic da Apple, wata jami'ar Microsoft ta shaida wa kotu cewa kamfaninsu ba ya cin riba a kan sayar da na'urar Xbox ita kanta. Ribar tana cikin abin da zai biyo baya. Sabon wasa guda ɗaya na PlayStation 5 yakan kai dala 70. Wanda ke son buga yawancin wasanni da abokansa ta intanet sai ya yi rajista, kuma a 2023 kuɗin mafi ƙanƙantar rajistar ya tashi daga dala 60 zuwa dala 80 a shekara a Amurka. Ashe ke nan wanda ya kasa sayen na'urar lakadan, da wuya ya iya ciyar da ita alhali yana kan biyan bashinta.

A Nijeriya lissafin ya fi haka tsanani, domin waɗannan na'urori daga waje ake shigo da su, da dala ake sayo su, da naira ake biya. Kafin watan Yuni na 2023 dala ɗaya wajen naira 460 take a farashin gwamnati, amma cikin 2024 ta haura naira 1,500. A wannan canji, na'urar dala 500 ta kama naira 750,000, ban da kuɗin dako da na kwastan da ribar ɗan kasuwa. Mafi ƙanƙantar albashin da aka sa wa hannu a watan Yuli na 2024 kuwa naira 70,000 ne. Watau ƙaramin ma'aikaci sai ya tara albashinsa na fiye da wata goma, bai ci ba bai sha ba.

Bugu da ƙari, lamuni marar ruwa irin na Turai ba shi da sauƙin samu a ƙasar da Babban Bankinta ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin ɗari a watan Nuwamba na 2024. A ƙaddara mai ba da lamuni ya ce zai karɓi kashi 5 cikin ɗari na uwar kuɗin kowane wata har shekara guda. A kan naira 750,000, ruwan kaɗai ya zama naira 450,000, jimla naira 1,200,000. Kafin a gama biya na'urar ta zama ta hannu, ko an kai ta kasuwa ba za ta mayar da kuɗin da aka zuba ba. In kuwa wutar lantarki ta zo da ƙarfi ta ƙone ta a wata na uku, bashin ba ya ƙonewa tare da ita. Kada kuma a manta da wulaƙancin da wasu kamfanonin lamuni na wayar hannu suka riƙa yi, na aika saƙon tozarci ga dangi da abokan wanda ya makara, har hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta kai wa wasunsu samame a Legas a 2022.

Akwai wanda bashin zai iya yi wa rana, shi ne mai shagon da yara da samari ke biya su buga wasan ƙwallo. A wurinsa na'urar jari ce, kamar keken ɗinki a wurin tela, kullum tana kawo abin da za a rage bashi. Shi ma sai ya cire kuɗin haya da man janareta da gyara kafin ya san ko ciniki zai ɗauki nauyin biyan. Amma na'urar da za a ajiye a falo ba ta kawo ko kwabo. Duk abin da za a biya a kanta daga bakin tukunya zai fito, ko daga kuɗin makaranta, ko na asibiti.

Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ba abin kunya ba ne mutum ya ci bashi don taki ko magani ko jari. Wasa ma ba laifi ba ne, kowane ɗan Adam na bukatar abin da zai ɗebe masa kewa. Abin tambaya shi ne ko ya dace a jinginar da albashin shekara guda saboda shi. Ai dabarar biya kaɗan-kaɗan ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, sunanta adashi ko asusu. Bambancin kawai shi ne mai adashi yana biya kafin ya ɗauka, ba ruwa ba tara, kuma in wata lalura ta taso ya karkatar da kuɗinsa can. Sau da yawa ma kafin kuɗin su taru ɗokin ya kwanta, ko kuwa a ga tsohuwar PlayStation 4 ta hannu ta wadatar.

Wanda duk da haka ya ƙudura sai ya ci bashin, to, ya nemi a rubuta masa abu huɗu kafin ya sa hannu: kuɗin na'urar lakadan, jimlar abin da zai biya a ƙarshe, tarar da za a ci shi in ya makara, da kuma wanda zai ɗauki asara in ta lalace. Hukuma kuwa, tun da Gwamnatin Tarayya ta kafa kamfanin CREDICORP a 2024 don yaɗa sayen kaya bashi, wajibi ne ta tilasta wa kowane mai talla ya rubuta jimlar kuɗin da baƙaƙe masu girma daidai da na biyan wata. Iyaye su kuma su zaunar da 'ya'yansu su yi wannan lissafi tare, da takarda da alƙalami, domin yaron da ya ga adadin da idonsa ya fi saurin haƙura.