Kwaltar Rufi da Soson Katifa Ba Su da Gurbi a Cikin Mota

Duk mai bin hanyar Karfi zuwa Bunkure, ko mai ratsa gefen magudanan da ke kai ruwan madatsar Tiga gonakin Kura da Kadawa, ya san yadda mota ke komawa ganga: ƙofa na kaɗawa, rufi na amsawa, tsakuwa na dukan ƙasan bodi. Neman sauƙin wannan ƙara haƙƙin direba ne. Abin ƙi shi ne maganin da wasu masu gyara ke tallatawa, wato faifan kwalta na liƙe rufin kwano da guntayen soson katifa, a cusa su ƙarƙashin kafet a ce aiki ya kammala.

Laifin kwalta na farko zafi ne. A watan Afrilu zafin Kano kan haura digiri 40, motar da aka rufe a rana kuwa cikinta kan wuce 60. A nan kwalta ke laushi, ta saki ƙarfen da aka manna ta, ta zame cikin ƙofa, wani lokaci ta toshe ƴan ramukan da ruwan sama ke fita ta cikinsu. Warinta kuma iyalin mai motar ne za su shaƙa.

Soson katifa ya fi ta ɓarna a ƙasar noman rani. Motar Bunkure ba ta rabuwa da danshi: taɓon takalmi, buhun shinkafa da bai gama bushewa ba, ruwan tumatir mai tsami da ke tsiyaya daga kwanduna a hanyar Kwanar Gafan. Soso yakan sha wannan duka ya riƙe a kan ƙarfe, tsatsa na ci a ɓoye, har ranar da mai walda zai ɗaga kafet ya tarar da rami. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Masu kare wannan aiki kan kafa hujja da tsada, kuma gaskiya ne faifan robar butil mai bayan alminiyom ya fi kwalta kuɗi. Amma aikinsa kashe karkarwar ƙarfe ne, don haka ba a bukatar lulluɓe mota da shi. Manna shi a kan kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na tsakiyar kowane faffaɗan ƙarfe, a ƙofa da rufi da but, ya wadatar. A samansa sai a shimfiɗa soson roba mai rufaffun ƙofofi, wanda gwajinsa ba wuya: a tsoma guntu a ruwa a matse, in ya zubo da ruwa a bar wa mai shi kayansa. Rugugin taya da na hanya kuwa shimfiɗa mai nauyi kaɗai ke tare shi.

Kafin a kashe ko kwabo, wajibi ne bakanike ya fara sauraron motar. Kukan boris, salansa da ta fashe da robar ƙofa da ta mutu duk gyara suke nema, kuma rufe kukan boris da shimfiɗa ganganci ne da rai. In an gyara waɗannan, sai a tambayi mai sayarwa abu biyu: kayan nan zai jure ranar Afrilu, kuma yana shan ruwa? Wanda ya kasa amsawa, kada a ba shi mota.